Motar da Aka Cire wa Kuloci

Makanike yana kwance a ƙarƙashin a-kori-kurar, baƙin mai na ɗiga masa a goshi, lokacin da notin ƙarshe ya saki, tsohon akwatin giya ya sauko a kan jak da dukkan nauyinsa.

"A hankali, Injiniya," in ji Baban Lambu daga kujerarsa. "Wannan ƙarfen ya girmi matarka."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, kuma tun Makanike yana yaro yake jin tashin wannan mota kowace safiya, shuɗiya mai zagayayyun fitilu, ɗauke da dashen itatuwa da tukwanen furanni za ta kasuwa. Baban Lambu ke tuƙi, matarsa Gwaggo ke shuka da sayarwa. Duk layin an san bakin tsohon a kan mota mai otomatik: wai keken yara ce, kuma wanda bai iya sa giya da hannu ba fasinja ne kawai da aka ba wa sitiyari. Shi ya sa ranar da ya dawo daga asibiti, wuya ya yi siriri a cikin riga, ya ce a mayar masa da motarsa otomatik, Makanike ya ɗauka zolaya ce. Ya yi ta bayani cewa irin wannan mota ba a taɓa cikinta, masu son tsofaffin motoci don asalinta suke binta da kallo. Tsohon ya bar shi ya gama, sannan ya nuna Gwaggo da haɓa. Tana can tana ban ruwa, tana jan ƙafarta ta hagu da ciwo ya shanye tun ƙuruciya.

"Da wace ƙafar za ta taka kuloci? Likita ya gaya min abin da ya gaya min. Ƙanena har ya share mata ɗaki a gidansa, wai a sayar da mota a rufe lambu. Kai ka taɓa ganin Gwaggonka a zaune tana jiran a miƙo mata kwano?"

Aikin ya ba da wuya. Akwatin giyar da Makanike ya samo a jikin wata motar da ta yi hatsari ya fi tsohon tsawo, sai da aka yanke farfela, sandar da ke juya tayoyin baya, aka sake yi mata walda, aka matsar da ƙarfen da ke tallafe da akwatin baya, aka ja bututu biyu zuwa lagireto don kada man giya ya ƙone. Baban Lambu na zaune kan komai, ko da zazzaɓi ko babu. Da farko a inuwa ake ajiye masa kujera, daga baya ya ce a kai ta rana, daga baya kuma aka ƙara masa bargo. Abincinsa yakan huce a gefe bai taɓa ba, amma ko noti ɗaya ba a ɗaura ba tare da ya kushe ɗaurin ba.

Gwaggo kuwa ta ce ita ba da ita ba. Ta ce da furfurarta za ta zama abin dariyar layi, ta ce abin da ya fi butar ban ruwa girma ba ta taɓa sarrafa shi ba. Duk da haka Makanike ya lura, in ta kawo musu shayi takan daɗe tana leƙen gurbin da aka cire kulocin.

Ranar gwaji tsohon ya kafe shi zai fara. Aka ɗora shi a mazauninsa, Makanike a gefe. Motar ta tashi lafiya, ta miƙa cikin layi sumul. Da injin ya ɗaga murya, sai ƙafar hagun Baban Lambu ta tafi neman kuloci kamar yadda ta saba tun samartaka, ta sami faffaɗan sabon birki, ta danne shi har ƙasa. Goshin Makanike ya gaisa da gilashi. Tukwane biyu suka kife a baya. Gwaggo da ke bakin ƙofa ta yi dariya har da riƙe katanga.

"Ƙafar nan ba a sanar da ita ba," in ji tsohon yana haki. Ya dubi Gwaggo. "To mai dariya, zo ki nuna mana."

Ta shiga tana mita. Ƙafarta ta hagu ta zauna inda aka ajiye ta, ba ta nemi komai ba. Motar ta tafi a hankali har ƙarshen layi ta tsaya, ko ganye bai girgiza a baya ba. Baban Lambu ya leƙo ta taga yana shaida wa mai shagon kwana, da tela, da duk wanda ya tsaya, cewa shi ya koya mata, alhali ko bakinsa bai buɗe ba.

Daga nan suka riƙa zuwa filin bayan makaranta da yamma, shi a kujerar fasinja da matashi a bayansa. Babban titi ne kawai ta ƙi. Kullum sai ta ce gobe.

Wata safiya ta buga katanga da tafin hannu. Makanike ya shiga ya tarar numfashin tsohon yana sarƙewa. Ya ɗauke shi cak, ya ji ba nauyi sai na bargo, ya zaunar da shi a mota, ya zagaya zai buɗe ƙofar direba.

"Injiniya," in ji tsohon da ƙyar, "hau baya."

Makanike ya ce Baba wannan ba ranar koyo ba ce. Tsohon bai ko dube shi ba, matarsa yake kallo. Gwaggo ta goge hannuwanta a zani ta karɓi mukulli.

Makanike yana tsugune a baya, riƙe da ƙarfe, lokacin da suka hau babban titi. A kan gangaren mahaɗa jar fitila ta tsayar da su, wata babbar mota ta manne musu a baya tana hon. Ta gilashin tsakiya ya ga wuyan Gwaggo ya sandare. Fitila ta saki. A-kori-kurar ta ɗaga hanci ta haye, ba ta ja da baya ko taku ɗaya ba. Ya ga hannun tsohon ya ɗago ya bubbuga ƙofa ta waje sau biyu, yadda yake yi wa motar in ta gama dogon hawa.

A bakin asibiti, ana ɗora shi a gadon turawa, ya kamo rigar ma'aikaciyar jinya. Ta sunkuyo, ta zaci ciwo zai nuna mata.

"Matata ce ta kawo ni," ya ce. "Ita ta tuƙo."

Kafin rana ta karkata ya cika. Ƙaninsa ya zo da mutane, aka shirya tafiya da gawa a motar asibiti. Ya ce wa Gwaggo ta shiga tasa motar, waccan tsohuwar a bar ta nan, zai aiko a ɗauka. Idanunta sun yi ja, amma muryarta ba ta rawa. Ta ce ta gode, motarta ce, ita ta kawo ta, ita za ta mayar.

Makanike ya sake hawa baya, ko da yake kujerar gaba babu kowa. Da suka iso layi mutane sun fara taruwa, suka dare gefe biyu. Ƙofar gidan matsattsiya ce, kuma da baya ake shiga. Ya diro ya miƙa hannu ta taga, ta girgiza kai.

"Tsaya can ka nuna min da hannu, ɗana."

Ya tsaya a tsakar gida yana yafuto ta. Ta karya sitiyari, ta gyara, ta sake karyawa. Motar ta shige tsakanin ginshiƙai biyu ba ta shafi ko ɗaya ba, ta tsaya kusa da layin dashen da ba a ba ruwa ba tun safe. Gwaggo ta kashe injin. Ba ta fito nan take ba. Ta zauna, hannuwanta biyu a kan sitiyari, ƙarfen motar na ƙara kaɗan-kaɗan yana hucewa.