Ƙarfe a Ƙugun Inna

Faɗuwar ma ba ta kai a kira ta faɗuwa ba. Nana Khadija, wadda ake kira Inna, ta taka masarar da aka shanya a tsakar gidansu na Malumfashi, santsi ya ɗebe ta, ta zauna daɓas. Har dariya ta yi. Amma da ɗanta Kamalu ya kama hannunta zai tayar da ita, sai ta ƙwalla ƙarar da ta sa ya sake ta. Ta haura shekara saba'in, bai taɓa jin rakinta ba.

Hoton ƙashi na farko da aka ɗauka a asibiti bai nuna karaya ba. Aka kira wani mai ɗori daga Danja, ya lalluba ƙugun, ya ce shi bai ji inda zai ɗaure ba. Sai ta kwanta. Aka gama girbi tana kwance. Fatar bayanta ta fara saɓewa, ga wani tari da ya sarƙe ta. Matan da ke zuwa dubiya suka koma rage murya idan sun kai bakin ƙofa.

Daga baya Kamalu ya kai ta Funtua wurin Likita Opeyemi, Bayarbiya haifaffiyar garin, likitar ƙashi da ke aiki a Zariya, takan zo gida ta duba marasa lafiya. Ta danna ƙasan bayan tsohuwar da babban yatsa, ta ga yadda ta runtse ido. Nan take ta tura su Zariya a yi hoton nan da ake zura mutum cikin na'ura.

"Malam Kamalu, dubi nan," ta ce da hoton ya fito. "Ƙashin ƙugu ya tsage ta baya, dama da hagu. Faɗuwar ba ta da laifi sosai. Ƙashin ne ya zaizaye, kamar icen da gara ta ci."

"Ba zai haɗe da kansa ba?"

"Zai iya. Amma kwanciyar za ta riga shi. Ka ji tarin nan?"

Ta ce za ta ɗan tsaga fata, ta zura dogon ƙarfe mai zare ya ratsa ƙashin ya riƙe shi, don Inna ta iya tashi. Tsohuwar ce ta yi magana daga kan gado.

"'Yar nan, in na mutu da shi za a binne ni?"

"Da shi, Mama."

"To, saka. Na gaji da kallon rufin ɗaki."

Da hantsi aka shiga da ita. Kafin azahar likitar ta fito, ta ce aiki ya yi kyau, amma fuskarta ba ta saki ba.

"Ƙarfen ya shige ban sa ƙarfi ba," ta ce. "Ƙashin ba ƙwari, ba haka nake so ba. Ku kula da ita, kada ta sake faɗuwa."

Washegari aka tayar da Inna tsaye. Ta riƙe ƙarfen dogarawa na masu koyon tafiya, tana haki, ta taka har bakin taga. Kamalu ya fita waje ya share ido.

A gida ya fasa dokin ƙofar ɗakinta, ya hana zubar da ruwa a tsakar gida, ya riƙa ba ta magungunan ƙarin ƙarfin ƙashi da hannunsa. Tarin ya tafi, gyambon bayanta ya rufe. Da ruwan fari ya sauka, da ƙafarta ta je barkar haihuwa a maƙwabta.

Wata safiya yana gyara buhunan taki a zaure, ya ji ta yi atishawa a ɗaki. Sau ɗaya. Bai ji ta ce alhamdu lillahi ba.

Ya same ta zaune a bakin gado, ta dafa katifa da hannu biyu, ko wuya ba ta juyawa.

"Kamalu, janyo ƙofa," ta ce a hankali. "Wani abu ya ce ƙas."

A kwance suka mayar da ita Zariya, cikin motar maƙwabci. Likita Opeyemi ta daɗe tana kallon sabon hoton.

"Ƙarfena na nan daram," ta ce. Ta ɗaga yatsa sama kaɗan, kan ƙashin gadon baya. "Wannan karayar sabuwa ce."

Kamalu ya bi jerin ƙasusuwan da ido har sama. Duk kalarsu ɗaya da wanda ya karye, duk sun zaizaye.