Masu Hanya Sun Fito

Odalis ta zo ganin gida a farkon damina, ta tarar da mahaifinta, tsoho Eusebio mai kiwon zuma, kwance a bukkarsa can ƙarshen yankin Guanahacabibes, inda daji ya ƙare teku ya karɓa. Ƙirjinsa sai kuka yake kamar tsohon ƙyaure. Asibiti na da nisa, hanya kuma ɗaya ce tal.

Gari na wayewa ta ce a ta da mota.

"Bari rana ta take, 'yar nan," in ji tsohon. "An yi ruwa jiya. Masu hanya sun fito."

"Baba, kana numfashi da ƙyar, kana yi mini zancen ƙaguwa?"

Reinier, ɗan kawunta mai motar, ya sosa ƙeya. "Gaskiyarsa. Sai zafi ya kore su ake wucewa. Ke dai zaman birnin Habana ya wanke miki kai."

"Kai kuma rago ne tun muna yara. Ta da mota!"

Tsoro ne ke cin ta, shi kuwa tsoro ba ya jin shawara. Suka kinkimi tsohon suka sa a baya.

Ba su yi nisa ba kwalta ta ɓace. Ƙaguwoyi ne, ja da baƙi, sun gangaro daga daji za su zuba ƙwai a teku. 'Yan banzan ba sa gudu, sai su ɗaga wa mota hannuwansu masu kaifi. Taya ta fashe, Reinier ya sa ta ajiya yana zagi. Can gaba wata ta sake fashewa. Sauri ya haifi nawa.

Reinier ya saɓa tayar ya kama hanya a ƙasa, neman mai faci. Odalis ta ɗora kan mahaifinta a cinya tana yi masa fifita, warin ƙaguwoyin da suka tattaka ya cika motar, ungulaye na ta sauka. Ko keke bai gifta ba, don babu kowa a bayansu sai teku.

Da rana ta take, ƙaguwoyin suka shige inuwa, hanya ta yi fes. Tsohon ya buɗe ido ya leƙa.

"Kin gani? Yanzu ake tafiya."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Sai da yamma Reinier ya dawo a motar masu gawayi, ya tarar ta rufe wa tsohon fuska da ɗankwalinta. Tana zaune, tana kallon ƙaguwoyin da suka fara fitowa kuma.