Ƙato Uban Kowa

"Umma, Ƙato baban maraƙin nan ne ko kakansa?"

Uwar ta dire bokitin dusa. Duk faɗin gidan, yarinyar ba ta tashi tambaya ba sai a bakin shinge, a gaban kakanta mai garken.

"Duka biyun," in ji uwar, da ƙarfi yadda surukin nata zai ji.

Ƙato bijimi ne, ƙirji kamar ƙofar gida, mahauta kan tsaya kallonsa suna haɗiyar yawu. Shi ya haifi rabin shanun garken, shi kuma ke yi musu barbara. Maraƙan bana kuwa abin tausayi: ƙafafu kamar tsinke, ga zawo, biyu ko tashi ba su yi ba. Yanzu layi ya zo kan Fara, karsanar da aka ba yarinyar kyauta, wadda take kai wa ɓawon kankana kullum. Ita ma 'yar Ƙato ce.

"Baba, don Allah ku raba Fara da shi. Jini ɗaya ne ke ta zagaye," in ji uwar.

"Jini mai kyau ai ba ya yawa," in ji tsohon. "Dubi cinya!"

"Na ga cinya. Ku dubi 'ya'yan."

"Ciyawar bana ce."

"Ciyawar ce ta lanƙwasa musu ƙafa tun a ciki?"

Yarinyar ta ja rigar kakanta. "Kaka, in Fara ta haihu, maraƙin ƙaninta ne ko ɗanta?"

Tsohon ya soma lissafi da yatsu, lissafin ya rikice masa. Can ya ce, "To, uwar 'yan bincike. A aro bijimin maƙwabci."

Uwar da kanta ta ja Fara zuwa can, har tana 'yar waƙa a hanya. Bijimin maƙwabci lafiyayye ne, ga faɗin baya, ga tsoka. Aka gama abin da ya kawo su. Tana kwance igiya ta yaba wa maƙwabcin bijimin nasa.

"Ai dole!" in ji maƙwabcin yana washe baki. "A wajen surukinki na saye shi yana maraƙi. Ɗan Ƙato ne na cikinsa."

Ta dubi Fara, Fara na tuƙa abinta.

Kai mai shanu, kada cinya ta ruɗe ka. Kafin ka kwance igiya, tambayi uban bijimin.