Bakin Faifai

Hannuwan Albertine ba su san ta tsufa ba. Tana zaune a kujerar tsugunno a ƙofar ɗakinta a unguwar Yelwa, idanunta na kan kaji, yatsunta kuwa suna ta aiki a kan cinyarta. Babban yatsa ya danne, manuni ya ja, ya zagayo, ya soke. Babu kaba a hannun, babu basilla. Iska kawai take ɗinkawa.

"Kin gani ko, Dada?" in ji Yvette, 'yarta, wadda ta zo daga Yawunde a farkon mako. Ƙasa-ƙasa take magana, kamar uwar ba ta wurin. "Haka take wuni. Jiya ta ɗora tukunya a wuta babu ruwa. Kwanan baya a bakin kasuwa aka tsince ta tana tambayar hanyar gidan babanta, mutumin da ya mutu tun ba a haife ni ba. Ranar Asabar zan tafi da ita. A can akwai likita, akwai mai duba ta."

Da Mairamu take, ƙawar uwar tun ƙuruciya, wadda take kira Dada. Mairamu ta dubi ƙunshin da ta zo da shi a hammata. Faifai ne da ta gama ɗinkawa, saura baki.

Tun suna yara haka aikin yake a tsakaninsu. Kakar Mairamu, Iya Dudu, ita ta zaunar da su a gindin tsamiyar gidansu a Hausare, jikarta da 'yar maƙwabcin nan da ya sauko daga duwatsun Figil ya kama dako a tashar jirgin ruwa ta Garwa. Ta raba musu aikin faifai gida biyu. Mairamu ta kama cibiya da ciki, zagaye bisa zagaye har ya kai faɗin da zai rufe ƙwarya. Albertine ta kama kalmasa, wato ɗaurin bakin da ke hana faifai warwarewa. Kalmasar Iya Dudu ba irin ta kasuwa ba ce, wadda ake lanƙwasa ciyawa a cusa ta ciki a ce an gama. Tata kitso ce mai tufka biyu, in ka shafa sai ka ji kamar ƙayar bayan kifi. Faifai yakan tsufa ya huje a tsakiya, bakinsa na nan daram.

"Bana ke ciki, ke kuma baki," in ji tsohuwar. "Baɗi ku yi musaya."

Baɗin ya zo bai same ta ba.

Su kuma ba su yi musayar ba. Mairamu ta auri bafataken goro, Albertine ta auri mai koyar da yara addu'a a coci, kowa ya ce to, hanya ta rabu. Amma faifai marar baki dole a kai shi Yelwa, mai kai faifai kuwa ai sai ta zauna ta sha ruwa. A haka mazajen suka mutu, 'ya'ya suka watse. Na Mairamu ɗaya yana Duwala, ɗaya yana Kano, gaisuwarsu tana zuwa ta waya, gidan kuma ya yi mata yawa. Mutane suna son cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sukan faɗa su gyaɗa kai kamar an ƙure magana. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da hannun zai yi ranar da aka sa ɗan'uwansa a mota.

"Ki ara mini ita gobe," in ji Mairamu.

"In ara miki?"

"Za mu je bakin kogi yankan ciyawa. Ina so ta nuna mini kalmasa kafin ki ɗauke ta. A gida hankalinta ba ya zama, a can yana zama."

Yvette ta riƙe baki. "Dada, duk shekarun nan ba ki koya ba?"

"Mai rijiya a tsakar gida ba ya koyon haƙa. Ke dai ki sa mata takalmi mai igiya."

"Ga rana, ga sojoji a hanya, ga ƙafarta..."

"Ƙafarta ta fi taki sanin hanyar. Ni zan riƙe ta."

Washegari da hantsi suka fita, Mairamu na rataye da lauje da gorar ruwa. Damina ta wuce, ƙasa ba ta gama bushewa ba. Kusa da gada, inda aka kafa shinge tun da tashin hankalin arewa ya tsananta, wani soja ya nemi katin shaida. Ya dubi tsofaffin biyu, ɗaya da mayafi da carbi, ɗaya da ɗan gicciye a wuya, ya dubi laujen.

"Ina za ku da wannan, Mama?"

"Yaƙi za mu," in ji Albertine. "Da ciyawa."

Ya yi dariya ya miƙa musu katinsu. Mairamu ta saci kallon ƙawarta. Tun safe ba ta yi magana mai ma'ana ba sai yanzu.

Da suka bar kwalta suka gangara hanyar ƙafa, sai ga Albertine ta zare hannunta daga na Mairamu ta shiga gaba. Hanyar ta ratsa gonakin albasa da ake ta yi wa kunya, ta bi ta ƙarƙashin goruba, ta faɗa cikin gamba mai tsawon mutum. Belbelu suna bin shanun wani Bafulatani. Ƙanshin laka da ɗanyen ganye ya taso, irin wanda ba ya canzawa ko an canza gwamnati. Can nesa a cikin ruwa dorina ta hura hanci.

"Mairo! Nan ne kika faɗa laka da sabon zanen Sallah."

"Ke kika tura ni, Bartina."

"Ƙarya kike! Kwaɗayin kanya ya tura ki. Kina hango ta a sama kina tafiya baki buɗe kamar ɗan tsako."

"Wa ya cinye kanyar da na kaɗo?"

"Ni. Ladan wanke miki zane ne. Da Iya ta gani ai da kin sha tsumagiya."

Suka yi dariya har sai da suka tsaya suka dafa gwiwa. Itacen kanyar babu shi, an sare tun tuni, amma Albertine ta nuna gurbinsa da yatsa, ba ta kuskure ko kaɗan ba.

Ciyawar ɗinki ta yi wuya yanzu. Tun da aka datse Binuwai a Lagdo, ruwa ya daina hawowa inda yake hawowa da, sai an nutsa sosai kafin a sami mai laushi. Albertine ce ke zaɓe. Takan tsinki kara ɗaya ta naɗe shi a yatsa, in ya karye ta yar, in ya lanƙwasu ta ce, "Yanki nan." Mairamu na yanka tana ɗaurewa. Da dami ya yi, suka zauna a inuwar wata goruba da ke kallon ruwa.

Mairamu ta kwance ƙunshi. Ta fito da faifan, da basilla, da tsagaggiyar kaba da ta rina da karan dafi ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Ta ɗora su a cinyar Albertine.

Yatsun suka karɓa kamar mai ƙishi ya ga randa. Babban yatsa ya danne, basilla ta soke, kabar ta bi, ta zagayo, ta nutse, ta ɓullo a wani wurin. Kafin Mairamu ta gyara zama, kitson ya ci rabin taƙi.

"Dakata, Bartina. Yi sannu-sannu in gani. Bayan kin zagayo, ina kike sokewa?"

"Nan mana."

"Ina? Sake yi."

Albertine ta dubi hannunta. Ta ɗaga basilla, ta kai ta dama, ta dawo da ita hagu. Ta soke, kabar ta fito a inda bai kamata ba. Ta zare, ta sake sokewa, ta karya ciyawa biyu. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. Nan kam ta hana.

"Tsaya," in ji Albertine. "Tsaya. Ana... ana fara..." Leɓenta ya soma rawa. Ta juya faifan sama, ta juya shi ƙasa, kamar yau ta fara ganin irinsa. "Wa ya ba ni wannan? Na wa ne? Ina Iya take?"

"Bartina."

Ta ɗago. Fuskar da ta nuna wa Mairamu mai ladabi ce, irin wadda ake nuna wa baƙuwa a gidan biki.

"Baiwar Allah, ke 'yar wace unguwa ce? Ko kin san hanyar tashar jirgi? Babana zai neme ni."

Mairamu ta buɗe gora ta ba ta ruwa.

"Ni ce wadda ta faɗa laka," ta ce. "Da sabon zane."

Albertine ta ƙura mata ido. Can sai gefen bakinta ya motsa. "Mai kwaɗayin kanya."

"Ita."

"Zanen mai ruwan bula ne, da ɗigon fari."

"Kore ne."

"Bula ne, Mairo, ni na wanke shi!"

Tana musun, hannunta ya lalubi basilla. Ya zare kabar da ta ɓata hanya, ya koma baya kaɗan, ya ci gaba, ita ba ta ko duba ba.

Mairamu ta ce a ranta, to, ba zan tambaya ba, kallo kawai zan yi. Ta ci gaba da zancen zane tana matsowa a hankali. Amma idanunta sun tsufa su ma, babban yatsan Albertine kuma yana rufe daidai wurin da basilla ke shiga. Ta sunkuya, ta ƙara sunkuyawa, har inuwar kanta ta faɗa kan faifan. Albertine ta bi inuwar da ido, ta ga ana kallon hannunta, ita ma ta kalla. Yatsun suka sassauta. Leɓen ya soma rawar nan.

Saura kamar taƙi biyu bakin ya haɗe. In Mairamu ta nace, ta riƙe yatsan ta ɗaga, wataƙila ta ga sokewa ɗaya ko biyu kafin komai ya watse. Wataƙila ma su isa. Sai dai wadda za ta raka gida da yamma ba za ta san sunanta ba, jibi kuma Asabar.

Ta miƙe zaune. Ta juya fuskarta ga kogi.

"Bartina, kin tuna ranar da jirgin gishiri ya kafe a yashi?"

"Kai! Da farin bature ya cire wando ya shiga ruwa?"

"Ƙafafunsa kamar rogon da aka ɓare."

"Babana ya ɗauke shi a wuya kamar buhu, yana ta ihu da Faransanci, a hankali, a hankali!"

Mairamu ta ƙura wa ruwa ido. Wani masunci yana jefa birgi, ragar kifi, daga kwalekwale, ya jawo, babu komai, ya sake jefawa. A gefenta tana jin ƙarar basilla na ratsa ciyawa, ƙyas, ƙyas, ƙyas, da jan kaba, da muryar Albertine tana ta zuba. Ba ta waiwaya ba. Wuyanta ya ƙage, ba ta waiwaya ba, har ta ji an ciji kaba an tofar.

"Ungo," in ji Albertine. "Cibiyarki ta karkace, kamar kullum."

Mairamu ta shafa bakin da yatsa, tun daga inda ya fara har ya dawo. Ba a gane mafari, ba a gane ƙarshe.

Ranar Asabar ta raka su tashar motar Ngaundare, inda za su kama jirgin ƙasa. Yvette ta sa uwar kusa da taga. Mairamu ta miƙa faifan ta tagar, Albertine ta karɓa ta duba bakin, ta gyaɗa kai kamar mai yaba aikin wata.

"In kin gama wani ki kawo," ta ce. "Ina gida."

"To," in ji Mairamu.

Da ta koma, ta ɗauko wani tsohon faifai ta sa basilla ta ɓanɓare bakinsa, ko za ta bi sawun kabar ta ga inda ta shiga da inda ta fita. Kabar ta yi ta karyewa guntu-guntu a hannunta. Kalmasar Iya Dudu ba ta warwaruwa, don haka aka yi ta.

Ciyawar da suka yanko ta bushe a kan rufin madafa. Mairamu ta sauke ta, ta tsaga kaba, ta rina, ta zauna a gindin tsamiya ta ƙulla cibiya. Kullum bayan la'asar takan yi zagaye ɗaya ko biyu. Da ciyawar ta ƙare, ta ɗauki lauje ta koma bakin kogi ita kaɗai, tana naɗe kara a yatsa, tana yar da wanda ya karye.

Wata rana Habsatu, matar da ke haya a ɗakin ƙofa, ta zo ɗiban wuta ta tsaya da kasko a hannu. Abin da ke cinyar tsohuwar ya wuce bakin ƙwarya, ya wuce bakin daro, ya rufe mata gwiwoyi yana taɓa ƙasa ta gefe biyu.

"Ikon Allah! Dada, wannan faifai ne ko tabarma? Ki kawo in kai wa matan kasuwa su kalmasa miki mana."

"Ban kai bakin ba tukuna," in ji Mairamu.

Ta zaro sabuwar kaba daga tsumma, ta jiƙa kanta da miyau, ta zura a basilla.