Sunan Sanata Ya Ɓata a Rumfar Zaɓe

Tun yana sakandare abokansa suka laƙaba masa Sanata, saboda bakinsa ba ya hutawa da zancen siyasa. Da ya buɗe shagon aski sai abin ya ƙaru. Duk wanda ya zauna a kujerarsa, kafin inji ya taɓa kansa sai ya sha tambaya: "Ka yi katin zaɓe?" In ka ce a'a, askin minti goma sai ya kai rabin awa. Da haka ya tura matasa goma sha bakwai suka yi rajista, wasu don sun gamsu da maganarsa, wasu don kunnensu ya huta.

Ranar zaɓe da sassafe ya isa makarantar firamaren unguwarsu. An liƙa takardun sunaye a bangon wani aji. Ya bi su da yatsa daga sama har ƙasa, yana ganin na abokansa ɗaya bayan ɗaya, amma babu nasa. Ya sake bi. Sai ya nufi teburin ma'aikatan zaɓe da katinsa.

"In babu sunanka a rajistar nan, ba abin da zan iya yi maka," in ji ma'aikaciyar da ke kan tebur.

Wani abokinsa ya ɗaga murya daga cikin layi: "Sanata, ka kai kowa tasha, mota ta tashi ta bar ka!" Aka kwashe da dariya. Shi kuwa ko murmushi ya kasa.

Yana juyawa suka yi ido huɗu da kawunsa, yayan mahaifiyarsa, tsohon direba, wanda ke zaune a benci a matsayin wakilin jam'iyyar da Sanata ya fi caccaka. Wata biyu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa su, tun ranar da Sanata ya ce masa a gaban mutane ai tsofaffi ne suka jefa matasa a wannan hali.

Kawu ya taso a hankali, yana dafa gwiwa. Sanata ya sunkuyar da kai, yana jiran gori.

"Kawo katin," in ji Kawu. Ya sa tabarau, ya nesanta katin da fuskarsa, ya duba lambar. "Kai mai yi wa mutane lacca, ba ka ji an raba rumfar nan biyu ba? Biyo ni."

Suka zagaya bayan ajujuwan, suka wuce famfo, har wajen ɗakin malamai. Can ma layi ne, da takardu a jikin ƙofa. Sunan yana ƙasan shafi na uku, inda gefen takardar ya nannaɗe. Sanata ya dafa bango ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Na gode, Kawu," in ji shi. "Amma ka san fa ba mutuminka zan zaɓa ba."

"Wa bai sani ba a unguwar nan? Har kaji sun sani. Shiga layi. Na fi so mu kayar da ku da ƙuri'arka a cikin akwati, kar gobe ka cika mana kunne da cewa an hana ka."

"Mu ne za mu kayar da ku."

"Allah ya kai mu yamma, ɗan nema."

Awa ɗaya da rabi ya yi a tsaye kafin layi ya zo kansa. Da takardar ta faɗa cikin akwatin, sai ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Ya fito yana hura tawadar da ke yatsansa, ya samu inuwa ya kira mahaifiyarsa.

"Umma, na jefa. Kuma mun yi magana da Kawu."

"Faɗa ko magana?"

"Magana, wallahi."

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Ka tambaye shi ko ya sha maganinsa kafin ya fito."