Muryar da Na Samo a Gonar Tourou

Ku yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin ɗaukar alƙalami. Ni karatu na iya, ba rubuta labari ba, kuma sau uku ina yaga takardar nan kafin in bar ta haka.

Sunana Lubabatu, 'yar Djougou. A gidanmu yarinya ba ta yi wa babba magana a tsaye. Durƙusawa take yi, ido a ƙasa, muryarta kuma kada ta wuce tabarmar da yake zaune. Da wannan tarbiyya Baba ya kawo ni Parakou, wurin Gwaggo Maimouna a Zongo, don in yi kwaleji, a shekarun nan na juyin juya hali da kowa ya zama kamarad, daga darakta har mai shara.

A rubutu ba wanda ya kamo ni a ajinmu. Amma ranar jarrabawar baki ta BEPC, ta kammala kwaleji, na shiga na tarar da dattijo mai furfura irin ta Baba. Gwiwoyina suka lanƙwashe da kansu.

"Tashi tsaye, kamarad!" ya ce.

Na miƙe, amma muryar ta zauna a ƙasa. Tambaya uku ya yi, duk na san amsarsu, bai ji ko ɗaya ba. Na faɗi jarrabawar.

Baba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Na ƙara miki shekara ɗaya. In ba ta yiwu ba, ki dawo ki taya innarki ware goro." Ware goro ba abin raini ba ne, da shi aka raine ni. Sai dai na san daga ranar an rufe mini littafi ke nan.

Da aka koma lakwal, wato makaranta, malaminmu Mushe Sanoussi, Monsieur ke nan a bakinmu, ya haɗa ni da Zouéra, 'yar unguwar Ladjifarani, wadda ake jin dariyarta daga bakin titi amma takardarta kullum fara take fita. Ya ce in riƙa yi mata bitar darasi. Na so in ce ba zan iya ba, sai shi ma bai ji ni ba.

Zouéra tana taya uwarta tuyar ƙosai da yamma, don haka ba mu da lokaci sai Asabar, ranar da duk 'yan lakwal ke noma a gonar makaranta can Tourou. Kowa da layin masararsa. Ita tana da ƙarfi, kafin in yi taku biyar ta kai tsakiyar gona.

"Kogunan arewa uku ne," na fara.

"Ban ji ba!"

"Mékrou, Alibori..."

"Ke Malama Sauro, da masarar kike magana? Ni ina nan!"

Na ce ta dawo kusa. Ta ce sam, in ta bar layinta za a ce ta yi wa juyin juya hali zagon ƙasa. Dole na ɗaga kai, na cika ƙirji, na kira na ukun, Sota, har wani saurayi ya yar da fartanya.

"Yawwa! Ashe akwai mutum a cikin zanen. Ina suke zuwa, kogunan naki?"

"Kwara!"

"Duk ukun? To Allah ya kiyaye hanya."

Haka muka yi wata da watanni. Abin da na sani a zuci, sai da na faɗe shi da ƙarfi sau goma na gane ban gama saninsa ba, domin Zouéra ba ta barin "don me?" ta wuce. Wani lokaci sai na koma littafi da ƙasa a farce.

Ranar jarrabawa wani dattijon ne, har ya fi na bara furfura. Na ji gwiwoyina sun fara. Sai na dubi bangon da ke bayansa, na auna, bai kai rabin layin masara ba. Ya yi tambaya, na amsa.

Ya ajiye alƙalami. "Kamarad, ni ba kurma ba ne."

Ta taga na jiyo Zouéra tana tuntsira dariya a layin masu jira.

Sunayenmu biyu suka fito. Na je Djougou, na durƙusa gaban Baba kamar kullum na gaya masa. Ya ce, "Shekara goma sha bakwai ina cewa ki maimaita. Yau sau ɗaya na ji."

Jiya uwar Zouéra ta tara matan Ladjifarani don murnar cin jarrabawar, aka dafa shinkafa. Na ji tana tambaya, "Wai ina malamar tamu? A kawo ta in gan ta." Zouéra ta shiga ɗaki nemana. Ni kuwa ina bayan randa, kunya ta rufe ni. Na ɗauki takalmana a hannu, na bi ta ƙofar baya.