Sallamar Khaula da Hatimin Jauro

A taƙaice, ga yadda al'amarin yake. Khaula, 'yar Alhaji Ilyasu mai atamfa na unguwar Jambutu a Garwa, ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a wata jami'a ta Turai. An yi mata sallama bisa ƙa'ida, ta tafi, ba ta isa ba. Ta dawo, ba a sanar ba. Saboda haka ta shafe wani lokaci a matsayin wadda ba ta can kuma ba ta nan, matsayin da babu ofishin da ya tanadar masa takarda.

Alhaji Ilyasu jikan fatake ne, kuma a gidansu matafiyi ba ya sa ƙafa a hanya sai an yanka rago, an tara unguwa, an shafa fatiha. Fabrice mai shagon intanet, wanda ya haɗa wa Khaula dosiye, wato takardun neman biza, ya tabbatar masa biza kamar tana hannu: ta je Yawunde ta karɓa, ta hau jirgi daga can. Sai aka yi sallamar. Mata suka kawo kilishi da kuka da daddawa na kai wa 'yan uwansu da ke Turai, ko da ba ƙasa ɗaya ba ce. Jauro Sharif, mai unguwa, da kansa ya raka ta tasha, har ya yi jawabi.

Tana cikin jirgin ƙasa aka sauya dokar. A ofishin jakadancin aka miƙo mata dosiyenta ta taga, aka ce sharuɗɗan ɗalibai sun canza, ta koma ta cika su kafin jami'ar ta rufe rajista.

Alhaji ya ji labarin a waya. Mutumin da aka yi wa fatiha a bainar jama'a ba ya dawowa hannu rabbana kamar wanda ya manta takalmi. Ya shirya ta sauka ranar Juma'a, daidai lokacin da maza ke masallaci, aka haye da ita bene, ɗakin ajiye dilolin atamfa. Aka saya mata fanka.

Washegari ya nufi shagon Fabrice.

"Yaro, mece ce sabuwar dokar?"

"Baba Alhaji, wacce daga ciki?" Fabrice ya shimfiɗa takardu uku. "Wannan ta ce a sake jarrabawar harshe. Wannan ta ce ba sai an sake ba. Wannan kuma ta ce ta soke ta farko, amma ta riga ta farkon fitowa."

"To wacce ce gaskiya?"

"Duka suna da hatimi, Baba."

Alhaji ya cire hula, ya leƙa cikinta, ya mayar. Abu guda takardun suka yi ittifaƙi a kansa: dole mai nema ya kawo sabuwar shaida daga mai unguwarsa cewa yana zaune a unguwar a halin yanzu.

A gida kuma Hajiya Rabi'atu, mahaifiyar Khaula, tana fama da masu zuwa jin labari. Kowacce ta tambaya, sai ta ce lafiya lau, sanyi ne kawai ya dame ta, alhali fanka tana kuka a bisa kansu. Wata maƙwabciya ta ce ɗanta ya bugo, kilishinsa bai iso ba. Hajiya ta ce ai Turai da faɗi. Kilishin kuwa Khaula ta kusa cinye shi.

"Baba," in ji Khaula da ya hau duba ta, "wata mai kamawa za a rufe rajista. In ba hatimin Jauro, gurbin ya tafi. Ni dai gaya mini, ina nake yanzu? In na sani sai in san abin da zan rubuta musu."

Alhaji ya sauko daga benen. Ya ɗauki turmin atamfa guda mai kyau ya tafi gidan Jauro, ya jira zaure ya watse, sannan ya yi bayani cikin murya ƙasa-ƙasa.

Jauro ya saurara har ƙarshe. "Alhaji, ban gane ba. Khaula da na raka tasha?"

"Ita, ranka ya daɗe."

"Wadda na ce wa jama'a ta tafi ɗaga sunan Jambutu?"

"Tana bene."

"Kana so in sa hatimi cewa tana unguwa. Jiya-jiya matata ta ce Hajiya ta gaya mata dusar ƙanƙara ta hana Khaula fita."

"Zafi ne ya hana ta barci, ranka ya daɗe. Zo ka gan ta da idonka."

"Idona ba shi ne unguwa ba," in ji Jauro, yana shafa turmin. "A gaban jama'a aka fitar da ita. A wurina tana kan hanya har sai jama'a sun yi mata barka da sauka. Ban taɓa jin matafiyin da ya dawo ba a tarbe shi ba. Ka tarbe ta, in sa hatimi."

Alhaji ya fito bai san ko an ƙi shi ne ko an yarda ba. A kan hanya ya auna abin: gefe guda bakin 'yan kasuwa, waɗanda ba sa mantuwa, ɗaya gefen yarinyar da ta ƙare idonta a kan littattafai, tana zaune tsakanin diloli. Ya biya ta kasuwar dabbobi ya sayi rago na biyu.

Ranar walimar, Khaula ta sauko daga bene, aka fita da ita ta ƙofar baya, aka zagayo da ita a mota ta ƙofar gaba, da akwatinta. Alhaji ya miƙe ya faɗi gaskiya ƙarara: Yawunde ta tsaya, doka ce ta canza. Jama'a suka gyaɗa kai cikin ladabi, ba wanda ya gane.

"Turai ta karɓe ki, 'yata," in ji wata tsohuwa. "Dubi yadda kika yi haske."

"Inna, ɗaki ne."

"Ai haka ɗakunansu suke. Ina tsarabarmu?"

Hajiya ta sa aka sauko da atamfa aka rarraba. Jauro ya yi jawabi na biyu, ya buga hatimi a gaban kowa.

Khaula ta koma Yawunde, aka karɓi dosiyen, aka ba ta biza, ta isa jami'ar ana gab da rufe rajista. Sai dai wannan karon Alhaji ya rantse ba zai sake yin sallama ba, ya kai ta tasha shi kaɗai. Sakamakon haka, unguwa ba ta amince ta tafi ba. Har yau mata in sun shigo sukan ɗaga kai su gaida bene, a zatonsu tana ciki, Jauro kuma ya ce a saninsa tana nan, shi ya sa hatimi.

Abin da lamarin ya ci: raguna biyu, fanka ɗaya, dila guda ta atamfa da turmin Jauro, kilishin mutane da aka biya, da kuma maganar Hajiya Rabi'atu, wadda yanzu in ta ce sanyi ya dami 'yarta, sai a yi murmushi.